Tambaya da Amsa: Ƙwayoyin Hanji da Wahalhalun Maganin Ciwon Daji

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowar, kuma dukkansu sun taɓo rawar da ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanji ke takawa a wahalar da mai ciwon daji ke sha yayin karɓar magani. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifina yana fama da kansar babban hanji, kuma ana yi masa ƙarin ruwan kemo mai ɗauke da wani magani da ake kira irinotekan. Duk lokacin da aka yi masa, bayan 'yan kwanaki sai gudawa mai tsanani ta taso masa, alhali wani majinyacin da suke karɓar magani iri ɗaya ba ya yin ta. Likitansa ya ce ƙwayoyin da ke hanjinsa suna da hannu a ciki. Ta yaya maganin da aka zuba ta jijiya zai gamu da ƙwayoyin da ke cikin hanji?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba mahaifinki lafiya. Maganar likitansa tana kan hanya, kuma irinotekan yana cikin magungunan da aka fi fahimtar yadda wannan lamari ke faruwa da su.

Jikin baligi yana ɗauke da bakteriya da aka ƙiyasta a 2016 cewa sun kai kimanin tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji, kuma nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba. Suna rayuwa ne a kan abin da cikinmu ya kasa narkarwa, don haka suna da sinadaran sarrafa abubuwa iri-iri, kuma ba sa bambanta ragowar abinci da ragowar magani. Duk abin da ya iso gare su mai ɗauke da abin da za su ci, sai su sarrafa shi.

Idan irinotekan ya shiga jini, hanta ce ke juya shi ya koma wani sinadari mai suna SN-38, wanda shi ne ainihin mai kashe ƙwayoyin kansa, kuma ƙarfinsa ya ninka na irinotekan sau ɗari ko fiye. Bayan ya gama aiki, hantar ce dai ke manna masa wani guntun sukari wanda ke kashe masa kaifi, kamar an mayar da wuƙa kube, sannan ta zubo shi cikin ruwan matsarmama zuwa hanji domin ya fita tare da bayan gida. A nan ne yake gamuwa da bakteriya. Da yawa daga cikinsu suna da wani sinadari da ke yanke wannan guntun sukari domin su ci, kuma da zarar sun yanke shi, SN-38 ya dawo da ƙarfinsa a daidai wurin da ba a buƙatarsa, wato a kan fatar cikin hanji. Ita kuwa wannan fata tana sabunta kanta ne duk bayan kwana uku zuwa biyar, kuma saurin haihuwar ƙwayoyinta shi ke sa maganin kansa ya afka mata kamar yadda yake afka wa ƙarin kansa. Fatar ta saɓule, ta kasa tsotse ruwa, sai gudawa ta biyo baya. A 2010 masu bincike a Jami'ar North Carolina ta Amurka sun ba ɓeraye wani sinadari da ke toshe wannan aikin yankan ba tare da kashe bakteriyar ba, kuma hanjin ɓerayen ya tsira daga mafi yawan ɓarnar. Wannan gwaji ya tabbatar da dalilin, sai dai sinadarin bai zama maganin da ake bayarwa a asibiti ba.

Game da bambancin mahaifinki da ɗaya majinyacin, ba daidai ba ne a ɗora wa bakteriya laifin gaba ɗaya. Gaskiya ne babu mutum biyu da ke da haɗin ƙwayoyin hanji iri ɗaya, kuma wasu sun fi wasu yawan masu yanke sukarin. Amma akwai mutanen da aka haifa hantarsu tana da jinkiri wajen manna sukarin tun farko, saboda wani sauyi a ƙwayar halittar gado da ake kira UGT1A1, kuma irin waɗannan sun fi shan wahalar irinotekan. Shekaru, lafiyar hanta, yawan maganin da sauran magungunan da aka haɗa da shi duk suna da nasu kaso.

Misali mafi muni na yadda bakteriyar hanji ke shiga tsakanin majinyaci da maganinsa ya faru ne a Japan a 1993. An fito da wani magani mai suna soribudin domin ƙurajen nan masu raɗaɗi da ƙwayar cutar ƙarambau ke haifarwa idan ta farfaɗo a jikin babba. Wasu masu kansa da ke shan magungunan kemo na dangin 5-FU sun sha shi, bakteriyar hanjinsu ta juya shi zuwa wani sinadari da ke toshe hanyar da hanta ke bi ta rushe 5-FU, sai maganin kansar ya taru a jini har ya zama guba. An danganta mutuwar mutum 18 da wannan haɗi, aka kuma janye maganin. Na kawo wannan ne domin ki ga dalilin da ya sa likitocin kansa ke nacewa a faɗa musu duk abin da majinyaci ke sha, ko da na wata cuta ce daban.

Akwai abin da ya kamata ki rarrabe. Gudawar da ke zuwa a ranar ƙarin ruwan, tare da gumi, murɗawar ciki da yawan yawu, aikin maganin ne a kan jijiyoyi, kuma allura ɗaya ta atirofin takan tsayar da ita. Wadda ke zuwa bayan awa 24, irin ta mahaifinki, ita ce mai alaƙa da bakteriya, kuma ita ce ta fi haɗari, domin takan zo daidai lokacin da fararen ƙwayoyin jini ke raguwa. Ki riƙa rubuta sau nawa ya zagaya a yini. Ƙarin sau huɗu zuwa shida a kan yadda ya saba ya isa a kira asibiti, ƙarin sau bakwai ko fiye kuwa yakan buƙaci kwanciya. Ya riƙa shan ruwan gishiri da sukari, ya sha maganin tsayar da zawo na loferamid bisa tsarin da likitan kansa ya rubuta masa, wanda yakan bambanta da abin da ke jikin kwalin. Idan aka ga jini, ko zazzaɓi, ko jiri, ko ƙarancin fitsari, ko kuma gudawar ta wuce yini guda duk da maganin, kada a jira ranar ganin likita. Ki kuma tabbatar an sanar da likitan kafin zagaye na gaba, domin rage yawan maganin abu ne da aka saba yi, kuma ba ya nufin an karaya da jinyar.

Tambaya: Matata tana karɓar maganin nan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi kansa. Bayan wata biyu ta fara gudawa da majina da jini, sai likitoci suka dakatar da maganin suka sa mata sitiroyid. Wani ɗan'uwana ya ce ya karanta cewa ana warkar da irin wannan ta hanyar dasa wa mutum bayan gidan wani. Shin gaskiya ne, kuma me ya sa ba a yi mata ba?

Amsa: Malam, Allah ya ba iyalinka sauƙi. Abin da ɗan'uwanka ya karanta yana da tushe, amma matakin da likitocin suka ɗauka shi ne na farko a ko'ina cikin duniya.

Ciwon matarka daban yake da na wasiƙar da ta gabata. Wannan magani ba ya saɓule fatar hanji da kansa. A jikin ƙwayoyin garkuwa akwai wasu sinadarai, irin su CTLA-4 da PD-1, waɗanda aikinsu shi ne hana garkuwar wuce gona da iri, kuma kansa takan fake da su. Maganin yana toshe su ne domin garkuwar ta samu damar kai hari, kuma wannan binciken ne ya sa James Allison da Tasuku Honjo suka samu kyautar Nobel a 2018. To, hanji shi ne wurin da garkuwar jiki ta fi cuɗanya da bakteriya, kuma zaman lafiyar da ke tsakaninsu ya dogara ne a kan wannan hanin. Idan aka ɗage shi, garkuwar takan juya kan hanjin, ya kumbura ya yi gyambo. An fi ganin haka da ifilimumab, maganin farko na wannan rukuni da aka amince da shi a 2011, musamman idan an haɗa shi da mai toshe PD-1. Yana iya bayyana bayan makonni ko watanni, wani lokaci ma bayan an daina maganin.

Bincike ya nuna cewa irin bakteriyar da mutum ke ɗauke da ita kafin fara magani tana da alaƙa da wanda zai kamu. A 2016 likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering na New York sun lura cewa masu kansar fata da ke da yawan bakteriyar rukunin Bacteroidetes sun fi tsira daga kumburin hanji. A 2017 kuma cibiyar Gustave Roussy ta Faransa ta gano cewa masu yawan Faecalibacterium sun fi cin moriyar maganin, amma kuma su ne suka fi kamuwa da kumburin. Wannan shi ne ƙullin da ke cikin al'amarin a ganina, domin ƙwayoyin da ke taimaka wa garkuwa ta yaƙi kansa suna iya zama su ne ke ingiza ta a kan hanji. Ƙari a kan haka, kowane binciken ya ƙunshi mutane 'yan gomomi ne kawai, kuma sunayen bakteriyar da ke fitowa a wata ƙasa sau da yawa ba su ne ke fitowa a wata ba.

Dashen bayan gida kuwa aiki ne na asibiti: ana karɓarsa daga lafiyayyen mutum da aka yi wa gwaje-gwaje masu yawa, a tace shi, a shigar da ƙwayoyinsa hanjin majinyaci ta bututun duba hanji ko a cikin kafso. A 2018 asibitin MD Anderson da ke jihar Teksas ya wallafa labarin majinyata biyu da kumburinsu ya ƙi jin duk magungunan da aka saba, suka kuma warke bayan dashen. Daga baya an yi wa ƙarin mutane, sakamakon yana da ƙarfafa gwiwa, sai dai har yanzu ana ajiye shi ne domin waɗanda sauran hanyoyi suka gaza a kansu. Tsarin da aka saba shi ne a fara gwada bayan gida domin a tabbatar ba wata ƙwayar cuta ce ta jawo gudawar ba, a ba da sitiroyid domin ya kwantar da garkuwar, idan kuma ba a ga sauƙi cikin 'yan kwanaki ba a ƙara da wasu magungunan kwantar da kumburi, infiliksimab ko bedolizumab. Mafi yawan majinyata suna warkewa a waɗannan matakai.

Dashen yana da haɗarinsa. A 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan wani majinyaci mai raunin garkuwa ya rasu sakamakon wata bakteriya mai bijire wa magani da ta shige shi ta hanyar dashen. Magunguna biyun da hukumar ta amince da su daga bayan gidan ɗan Adam, a 2022 da 2023, an yi su ne domin hana dawowar gudawar da bakteriyar Clostridioides difficile ke haddasawa, ba domin masu kansa ba. Wanda ya gwada wannan a gida yana wasa ne da ran majinyaci. Abin da nake roƙonka shi ne ka tabbatar matarka ta bi tsarin rage sitiroyid sannu a hankali har ƙarshe, domin yanke shi farat ɗaya yakan dawo da kumburin, kuma kada ta rufe gudawar da maganin tsayar da zawo ba tare da sanin likitanta ba.

Tambaya: Ina karɓar kemo haɗe da maganin zaburar da garkuwa saboda kansar huhu. Na ji an ce antibayotik yana kashe ƙwayoyin hanji masu amfani har ya rage ƙarfin maganin kansa. Idan zazzaɓi ya kama ni, zan iya ƙin karɓarsa?

Amsa: A'a, Malam, kada ka ƙi, kuma wannan ce amsar da na fi so a riƙe a duk shafin nan.

Abin da ka ji ya samo asali ne daga bincike na gaske. A 2018 mujallar Science ta wallafa nazarin majinyata 249 masu kansar huhu, ƙoda da mafitsara, inda aka ga cewa waɗanda suka sha antibayotik daf da fara maganin toshe PD-1 ba su ci moriyarsa kamar sauran ba. Sai dai a lura cewa wanda ya buƙaci antibayotik sau da yawa dama shi ne ya fi jin jiki, don haka ba dukkan bambancin ne za a jingina wa maganin ba, ko da yake gwajin ɓeraye ya nuna cewa tasirin yana nan. A fannin dashen ɓargo hujjar ta fi nauyi: wani nazari na 2020 da ya haɗa majinyata 1,362 a cibiyoyi huɗu na Amurka, Jamus da Japan ya nuna cewa waɗanda ire-iren bakteriyar hanjinsu suka fi raguwa sun fi fuskantar haɗarin mutuwa. Idan antibayotik mai faɗin aiki ya share mafi yawan ƙwayoyin, sai nau'i ɗaya kamar Enterococcus ya mamaye hanjin, daga nan kuma ya samu hanyar shiga jini.

Amma ka duba ɗaya gefen. Kemo yana rage fararen ƙwayoyin jini, yawanci su kai ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwa, a daidai lokacin da fatar hanji ta yi rauni. Bakteriyar da ke zaune lafiya a hanjinka tana iya ratsa wannan fata ta shiga jini alhali babu mai tare ta, kuma cikin 'yan awoyi lamarin yana iya kaiwa ga rasa rai. Shi ya sa zafin jiki da ya kai digiri 38 a jikin mai karɓar kemo ake ɗaukarsa a matsayin larurar gaggawa, kuma ƙa'ida ita ce a sa antibayotik ta jijiya cikin awa ɗaya da isa asibiti. Ka mallaki ma'aunin zafin jiki, kuma kada ka sha farasitamol domin saukar da zazzaɓin kafin ka auna ka kira asibiti.

Darasin da likitoci suka ɗauka daga wancan bincike shi ne a daina bayar da antibayotik inda babu buƙata, kamar mura da tarin da ƙwayar bairas ke jawowa, a zaɓi mai ƙunƙuntar aiki idan an gano ƙwayar, a kuma tsayar da shi da zarar ya gama amfani. Naka kason shi ne kada ka saya ka sha da kanka, kuma duk likitan da zai rubuta maka shi, har da likitan haƙori, ka sanar da shi irin maganin kansar da kake karɓa.

Tambaya: Yayata za ta fara gashin kansar bakin mahaifa. Ko in saya mata kafson furobayotik domin ya kare hanjinta?

Amsa: Malama, tambayarki ta faɗo a kan wurin da furobayotik, wato rayayyun ƙwayoyi masu amfani da ake sha domin hanji, ya fi samun goyon baya. Gashin da ake yi a ƙugu yakan taɓa hanji, kuma ƙa'idojin ƙungiyar masana kula da illolin maganin kansa ta duniya sun nuna cewa furobayotik mai ɗauke da Lactobacillus yana iya rage gudawar da ke biyo bayansa. Duk da haka likitan gashin ne zai yanke hukunci, saboda sau da yawa ana haɗa gashin bakin mahaifa da kemo, kuma idan fararen ƙwayoyin jini suka yi ƙasa, ƙwayoyin da ke cikin kafson rayayyu ne da ke iya shiga jini. An sha samun haka da yis ɗin Saccharomyces boulardii a jikin majinyatan da aka sa wa bututu a babbar jijiya. Kayan da ke kasuwa kuma ba ɗaya suke ba, kuma a ƙasashe da yawa ba a tantance su kamar yadda ake tantance magani.

Ga masu karɓar maganin zaburar da garkuwa lissafin ya sha bamban. Wani nazari na 2021 a kan masu kansar fata ya gano cewa waɗanda suka fi daɗewa cutar ba ta ci gaba ba su ne masu cin aƙalla giram 20 na harzar abinci a yini, irin wadda ke cikin wake, ganyaye, 'ya'yan itatuwa da hatsin da ba a cire wa dusa ba, waɗanda kuma ba sa shan furobayotik. Bakteriyar hanji tana juya wannan harza zuwa wani sinadari da fatar babban hanji ke samun mafi yawan kuzarinta daga gare shi. Sai dai wannan shawara ba ta dace da kowane lokaci ba, domin mai gudawa mai tsanani ko wanda hanjinsa ya ƙuntata akan umarce shi ya rage harza har sai ya samu sauƙi, kuma yayarki tana iya shiga wannan hali a makonnin gashin. Ki nemi a haɗa ta da masanin abinci na asibitin kafin a fara, kuma idan kin riga kin sayi kafson, ki kai kwalin wurin likitan ya duba nau'in da ke ciki da sakamakon gwajin jininta kafin ta sha ko da guda ɗaya.